Sandar Hana Mota Karkata

Mijina malamin gona ne a Rano, kuma bai taɓa mallakar abin hawan da ya wuce babur ba sai bayan da soja suka koma bariki, farar hula suka karɓi mulki. A shekarun ne ya sayi wata tsohuwar mota 'yar gwanjo, ruwan toka. Ni a lokacin ina koyarwa a firamare, kuma duk ƙarshen wata mukan je Tarai, can ƙasar Kibiya, mu gaida mahaifiyata.

Motar ba ta da laifi a miƙaƙƙiyar hanya. Matsalarta kwana. Da zarar Malam ya murza sitiyari sai ta kwanta gefe guda, duk wanda ke ciki ya zube a kan na kusa da shi. Ni dai na saba, na koyi matse kwanon miya a tsakanin ƙafafuna. Shi ma Malam da farko cewa yake yi halin tsofaffin motoci ke nan.

To, mai mota a unguwarmu ba ya tafiya shi kaɗai. Wata Asabar za mu ta'aziyya Kibiya, sai muka ɗauki limamin masallacinmu da ladaninsa, da wata Hajiya maƙwabciyarmu mai ƙuli-ƙuli. Lokacin ba a daɗe da ƙaddamar da Shari'a ba, ko ina ka zauna maganar raba maza da mata a abin hawa ake yi. Liman ya zauna gaba. Mu uku muka shiga baya, aka sa jakar kaya tsakanin ladan da Hajiya, kowa ya gamsu an yi abin da ya dace.

Ladan mutum ne siriri, ba shi da nauyin kirki. Muna shan wata babbar kwana sai motar ta yi halinta. Ya sulale ta saman jakar, kafaɗarsa ta daki ta Hajiya, hularsa ta faɗa cinyarta. Ta miƙa masa da yatsu biyu ba ta ko dube shi ba. Shi kuwa ya kama istigfari, bai tsaya ba har muka shiga Kibiya.

Liman bai juyo ba. Gabansa yake kallo ya ce, “Malam, da alama motar nan taka ba ta ji sanarwar Shari'a ba.”

Kowa ya yi dariya ban da mutum biyu, ladan da mai motar.

Washegari Malam ya tafi wurin bakanikensa, wani dattijo mai gareji a bakin hanyar Kano. Dattijon ya shiga ƙarƙashin motar ya nuna masa wata sandar ƙarfe da ta haɗa ƙafar dama da ta hagu ta gaba, wadda suke kira sitabilaiza. Ya ce aikinta shi ne hana mota karkata, kuma tasa lafiyarta ƙalau, robobin da ke riƙe da ita ne suka cinye. A canza roba, magana ta ƙare.

Amma Malam ya riga ya ji sabon suna, kuma ya ji cewa akwai masu ƙara wa ƙafafun baya tasu sandar, mai kauri. Bakanike ya ce masa, “Malam, wannan ta masu yawo kan kwalta ce. Kai rabin tafiyarka ƙauye ce.” Malam ya ce ya ji, ya gode. Ranar Litinin ya hau bas zuwa Kano, ya dawo da la'asar riƙe da wani lanƙwasasshen ƙarfe mai kaurin muciya, an naɗe shi da takardar siminti.

Ina tsakar gida ina tuƙa tuwo ya zo ya tsaya a kaina. Ya ce in ba shi muciyar ya nuna mini wani abu. Na ce tuwon zai yi gudaji. Ya ce minti ɗaya. Ya riƙe ta ta bakin nan da bakin can, yana murɗawa, yana bayanin yadda in ƙafa ɗaya ta danne sai sandar ta jawo ɗayar, jikin mota ya tsaya daidai. Bayanin ya kai minti goma. Tuwon ya yi gudaji, kuma haka ya ci shi.

Ranar da aka ɗaura sandar, tun safe yana gareji a tsugune da babbar rigarsa, yana koya wa dattijon sana'arsa. Ya dawo da baƙin mai har a hula, ya ce in fito. Ya cika kofi da ruwa ya ba ni in riƙe, muka hau kwalta muka nufi kwanar nan ta hanyar Kibiya. Gaskiya zan faɗa, motar ta canza. Ta sha kwanar a miƙe, ruwan ya ɗan karkata amma ko ɗigo bai zuba ba. Malam ya juya ya sake shan ta, ya kuma sake. A karo na huɗu na shanye ruwan na ce mu tafi gida.

Mako biyu ba wanda ya huta. Abokan aikinsa sun ji labari, mai shayi ya ji, har ladan an gayyace shi ya sake shiga ya gwada, ya ce ya yafe.

Sai ƙarshen wata ya zo, damina ta yi nisa, muka je ɗauko Inna ta zo ta yi mana kwana biyu. Tun a zuwa na lura da abin. Muna sauka daga kwalta muka hau jar hanya, sai motar ta fara jijjiga mu dama da hagu. Da can ramin da ƙafa ɗaya ta faɗa nata ne ita kaɗai. Yanzu da aka ɗaure su tare, kowane rami na kowa ne. Kaina ya daki gilas sau biyu. Na dubi Malam, ya ce hanyar ce ta lalace.

A dawowa ni da Inna muka zauna a baya, ta rungume ƙwaryar nonon da ta sayo mana wurin Fulanin bayan gari. Mace ce mai jiki, ba ta da yawan magana, kuma tsakaninta da Malam akwai kunya irin ta surukai. Mun yi nisa tana ta lilo. Can ta ɗaga faifan ta leƙa, ta ce da ni, “Ke, in mun isa sai ki kwashe man kawai. An riga an kaɗa miki.”

Malam ya ƙara riƙe sitiyari, kunnuwansa kaɗai nake gani.

Ba mu yi nisa daga nan ba muka zo wani kwazazzabo da ruwa ya yanka a karkace. Ya shiga a hankali, sai muka ji motar ta tsaya, inji yana ta ƙugi. Na sauka na duba. Ƙafar baya ta hagu tana rataye a sama tana juyawa ita kaɗai, sandar ta hana ta sauka ta taɓa ƙasa. Wasu manoma da ke maimai a gonar gyaɗa suka ajiye fartanya suka zo. Suka tura, ta ƙi. Babbansu ya zagaya ya ce sai an danne wannan gefen.

Kafin kowa ya yi magana Inna ta miƙo mini ƙwaryar. Ta ce, “Ku bari, ai ni ce mai nauyin.” Ta matsa ta koma kujerar hagu ta zauna daram, mutum biyu suka hau bayan motar ta wannan gefen. Ƙafar ta taɓa ƙasa, motar ta fita.

Malam ya sauka ya gode wa mutanen, ya dawo ya ɗan russuna ta taga ya ce, “Inna, ku yi haƙuri.”

Ta ce, “Ba komai, Allah ya yi albarka. Mota ce mai kyau, sai dai ba ta son talakawa.”

Muka kama hanyar Rano. Na san bayanin yana nan cike da cikinsa, amma ba dama ya yi wa suruka lacca.

Bayan kwana biyu ya koma gareji. Dattijon bai tuna masa da komai ba, ya dai kwance mai kaurin ya nemo wata siririya ya ɗaura. Daga nan motar ta koma tana ɗan karkata a kwana, tana ɗan jijjiga a ƙauye, ba wanda ya kai a yi ƙorafi. Da ita muka yi ta zirga-zirga har ta tsufa a hannunmu.

Malam dai bai taɓa yarda ya yi kuskure ba. A ganinsa sandar nan mai kauri daidai take, hanyar ce ba ta kai matsayinta ba. Ya shafe ta da mai ya jingine a bayan ƙofar zaure, ya ce ranar da aka zuba kwalta zai mayar da ita. Da lokacin zaɓe ya zo, duk ɗan takarar da ya shigo zaurenmu neman ƙuri'a sai an ɗauko masa ita ya riƙe, ya ji nauyinta, ya saurari labarin tun daga farko. Akwai wanda ya yi alkawarin titi tun kafin a kai rabi, don a sallame shi.