Rabin Awar Malam Ilu

A duk faɗin Dutsin-Ma babu direban da ya kai Malam Ilu Barkiya kiyaye lokaci. Wannan magana gaskiya ce, sai dai ba ta kai shekara da zama gaskiya ba.

Shekara ashirin da shida ya yi yana jan babbar mota, goma sha ɗaya daga ciki a wurin Alhaji Mutawakkil mai hatsi. Duk ranar kasuwar Kurfi yakan lodo gero da dawa ya kawo sito, washegari ya raba wa masu shaguna. Tafiya ce da ba ta kai awa guda ba, amma shi awa uku yake yi, domin yakan ratse Barkiya wurin Inno, yayar mahaifinsa da ta rene shi. Ta dama masa fura da nono, ta ba shi labarin wanda ya rasu da wanda ya kamata a ce ya rasu, sannan ya kama hanya. In Alhaji ya tambaya, hanya ce ba kyau. Hanyar kuwa ba ta taɓa musantawa ba.

Sai Mardiya, 'yar Alhaji, ta gama jami'a ta dawo da dabara. Aka liƙa wani ɗan akwati a ƙarƙashin sitiyari. Ta nuna wa Ilu motarsa a wayarta, ɗan ɗigo shuɗi a kan taswira.

"Baba Ilu, duk inda ka tsaya zan gani. Har man da ka ƙona."

"In na yi atishawa fa?"

"Wannan sai an sayo babban."

Daga ranar Ilu ya shiryu. Ya daina barin inji a kunne yana gaisawa da mutane. Ya daina ɗaukar masu awaki a saman buhuna. Hatsi ya riƙa isa sito kafin azahar, jarkar mai ta riƙa kwana biyu, Alhaji ya riƙa ba da misali da shi a gaban sauran direbobi, abin da ya rage masa abokai. Ilu kansa ya ji daɗin komawa gida da rana tsaka, har matarsa Murja ta fara tambayarsa ko lafiya. Abu ɗaya ne ke cin ransa: in ya zo mararrabar Barkiya sai ya kau da kai, kamar wanda ya hango surukinsa.

Wata ranar kasuwa, Hudu mai awo ya tare shi ana tsakiyar lodi.

"Inno ta ba ni saƙo. Ta ce in akwatin nan ne sabuwar uwarka, to ya dama maka fura."

Masu dako suka kwashe da dariya. Ilu ya ƙarasa lodi ya kama hanya. Da ya zo mararraba, ya kalli akwatin, ya ce masa, "Je ka kai ƙara," ya karya kan mota.

Ya tarar Inno ta rame kaɗan, bakinta dai yana nan. Ta dube shi sama da ƙasa. "Wane ne wannan baƙon? Ku ba shi tabarma." Awa ɗaya da minti goma ya yi, ya shanye ƙwarya guda.

Da ya sauke kaya bai jira a kira shi ba. Ya sami Alhaji a ƙofar sito, ya durƙusa.

"Alhaji, na tsaya Barkiya. Ka dai gani."

Alhaji ya gyara zama. "Na gani mana. Minti arba'in cif."

Ilu ya ɗaga kai, ya sake sunkuyarwa. Bai ga dalilin da zai gyara wa na'ura lissafi ba.

"Ita ta rene ni, Alhaji. In aikin ne ba zai yiwu da haka ba, ga makulli."

"Wa ya tambaye ka makulli? Tun yaushe ka daina zuwa?"

"Tun da aka sa akwatin."

"Wata bakwai! Kai Ilu, ba ka da kirki. Rabin awa duk mako, ka tafi mata da tiya biyu ta gero. Amma rabin awa, ka ji? Ina kallo."

Haka ake yi har yau. Ilu yakan aje agogonsa kusa da ƙwarya, minti talatin na cika ya miƙe, ko da Inno na tsakiyar labari. Ita kuma ta koyi fara ba shi labarin mutuwa kafin na aure. Hatsi na isa a kan lokaci. A tasha, in ana gardamar na'ura, Ilu ne ke kare ta. Yakan ce abu ne mai adalci, har ragi yake yi wa mutum.

Akwatin yana nan yana ƙyafta koren haskensa. A wayar Mardiya kaɗai ake ganin abin da yake aikowa, ita kuwa mako biyu da liƙa shi ta tafi bautar ƙasa Kalaba, aka sace wayar a sansani.