Guntun Ƙarfen Baba Sati

Cocinmu na Sabon Gari bai taɓa mallakar ƙararrawa ta gaske ba. Abin da muke da shi guntun ƙarfen layin dogo ne, an rataye shi a reshen mangwaro, kuma shekara ashirin da shida mahaifina, Sati, shi yake buga shi da guduma. Lebura ne a reluwe, yatsunsa takwas, biyun aikin ya cinye. Bai iya karatu ba, ba ya wa'azi, waƙa kuwa in ya ɗaga murya sai mawaƙan coci su sunkuyar da kai. Amma ba a taɓa jin ya makara ba.

Bugun iri biyu ne. Na Lahadi da sauri yake, na kiran sujada. Na rasuwa kuwa a hankali, ɗaya bayan ɗaya, daidai shekarun mamacin. Mata sukan tsaya da muciya a hannu suna ƙirgawa, tun kafin labari ya iso sun san yaro ne ko dattijo.

Mu biyu ya haifa, ni Susanna da ƙanena Albert. Albert ne mai ƙwaƙwalwar, ni mai bakin. Da ya samu shiga jami'a a Samaru a 1973, Baba ya ɗora akwatinsa a keke ya tura har tasha, yana gaya wa kowa, har wanda bai tambaya ba.

Bayan shekara biyu yaron ya dawo hutu da gashi buzu-buzu da littattafai masu jan bango. Ya daina rufe ido in ana addu'ar abinci. Wata rana a gaban baƙi ya ce babu Allah, talauci ne ya sa mutane suka ƙirƙiro shi don su samu abin jingina. Na zage shi tas, kuma har yau ina jin kunyar wasu kalmomin. Baba dai ya ci gaba da cin tuwonsa.

Albert ya juya gare shi ya ce, "Baba, wanda kake tara masa jama'a, ka taɓa ganinsa?"

Baba ya ce bai taɓa ba. Ya ce akwai tsofaffi a Dogarawa da ba su san fuskarsa ba, amma in suka ji ƙarfe ba sa cewa iska ce, sun san akwai hannu a bayansa, sai su ɗauki mayafi su taho. Shi ma haka yake ji in ya duba ranar da take fitowa, da hatsin da yake tsira, da shi Albert ɗin kansa. Albert ya yi dariya, ba ta raini ba, ya ce amsar ta yi kyau amma ba za ta ci jarrabawa ba.

Da zafin 1976 sanƙarau ya kama shi. Kwana huɗu muka yi a asibiti. A na uku hankalinsa ya ɗan dawo, Baba ya riƙe hannunsa ya roƙe shi ya kira sunan Yesu ko sau ɗaya. Na tsaya ina jira kamar raina zai fita.

"Ba zan yi maka ƙarya ba, Baba," ya ce. "Ban gaskata ba. Amma duk Lahadi ƙarfe bakwai sai in farka a ɗakina, ina jin bugunka."

Daga Samaru ba a jin ƙarfenmu, ko a Dogarawa da ta fi kusa ma sai iska ta yarda. Baba ya san haka, kuma wannan maganar ce ya riƙe har ƙarshen ransa. Yakan ce wanda yake tashin yaron bai gama magana da shi ba.

Dattawan coci suka zauna, suka ce ba a buga ƙarfen rasuwa ga wanda ya musunci Allah a bainar jama'a. Ba mugaye ba ne, biyu daga cikinsu kuka suke yi. Na ce wa Baba gudumar tana hannunsa, wa zai hana shi. Ya ce ƙarfen ba nasa ba ne, amana ce. Aka binne Albert shiru, yana da shekara ashirin da huɗu.

Bayan haka, duk Lahadi in ya gama kiran sujada, sai ya ɗan tsaya ƙarƙashin mangwaron da guduma a ɗage, sannan ya sauke ta. Bai taɓa kuka da Allah a gabana ba. Sau ɗaya kawai, yana kwance ciwon ajali a 1979, ya ce mini ya raka rabin Sabon Gari da hannunsa, ɗansa kaɗai ya bari ya tafi ba rakiya.

Ranar da Baba ya rasu na je wurin Oladipo, wanda ya gaje shi a aikin, da maganar Albert. Ban roƙe shi da ladabi ba, gaskiya. Ya saurare ni, ya ɗauki guduma.

Baba shekararsa sittin da uku. Mata a unguwa suka ƙirga tamanin da bakwai, suka ce sabon mai bugun nan bai iya lissafi ba. Ban gyara wa kowa ba.