Nakiyar da Aka Ba Inna

Shekarar da arzikin mai ya kawo mana kwalta, ina amarya a wani ƙauye kusa da Daudawa. Masu aikin hanya suka kafa sansani a gindin dutse, kullum bayan Azahar sai su busa jiniya su fasa shi. Ƙasa takan motsa ƙarƙashin tabarma, ruwan randa ya yi rawa, kwanukan jerena su yi ta karo da juna.

Inna, kakar mijina, idonta ya tafi, kunnen ma saura kaɗan. Jiniyar ba ta isa gare ta, motsin ƙasar kawai take ji. Sai ta rarrafo tsakar gida tana maimaita farkon surar Izazul, wai Alƙiyama ce ta matso, ɗaki zai rufta da ita.

Na durƙusa na ce, "Inna, ba girgizar ƙasa ba ce. Nakiya ce suke sa wa dutse."

"Nakiya? Wadda muke dakawa da shinkafa da zuma? Ke ɗiyar nan, abin da boko ya koya maki ke nan, yi ma tsofaffi ƙarya?"

Gida ya ɗauki dariya. Mijina ya fi kowa, don jika ne, yana da lasisin tsokana.

Ran kasuwa ya sayo nakiyar ci, ya jira har aka busa jiniya, sannan ya danƙa wa Inna a tafin hannu.

"Riƙe da kyau, matata. Wagga ce ke motsa duniya. Kika yar, mun tafi duka."

"Kai tafi can, ja'iri!" Ta yi jifa da ita.

Ƙasa ta girgiza.

Ina tsaye da tsintsiya, na san lissafin da ya yi, na ci gaba da shara. Inna ta shiga lalube cikin turɓaya tana kuka tana istigfari, tana roƙon a taya ta neman abin da ta yar.

Daga ranar ba ta ƙara yarda da rufi ba. Damina ce. Nakan ja ta ciki, ta rarrafo waje, ruwa ya ƙare a kanta. Sanyi ya kama ƙirjinta, ba ta ga kaka ba.

A zaman makoki mijina ya ba maza labarin. Ina daga ciki ina tuƙa tuwon sadaka, na ji sun yi dariya.