Sunan da Na Soke da Jan Bik

Damina tara ke nan da muka kai ƙanena Laminu makwancinsa a Tasawa. Mu biyar mahaifiyarmu ta haifa, yau ni kaɗai na rage, ni da na fi su tsufa da zafin rai. In na fito ƙofar gida da la'asar, babu mai zuwa ya ce mani "Mushe, gyara in zauna" yana dariya. A gidanmu shi kaɗai ke kirana Mushe, sunan da ƴan makaranta ke kiran malami da Faransanci, don tsokana, kuma yana da dalili.

Ni na koyar da shi. Da na gama horon malanta aka tura ni lakwal, wato makarantar boko, a wani ƙauye kusa da Maijirgi, sai tsohonmu ya haɗa ni da shi, ya ce ko Allah zai sa kansa ya buɗe a hannuna. Shekararsa goma sha biyu, yana ajin da ake yin sartifika, jarrabawar gama firamare.

Yaron nan ya ɗaure mani kai. In na karanta darasin tarihi sau ɗaya, gobe zai maido mani shi har da inda na tsaya na yi tari. Lissafi kuwa, kafin in gama rubuta tambaya a tablo ya faɗi amsa, idonsa na taga, ƙafarsa na kaɗawa. Amma a ce ya ɗauki bik ya rubuta, nan ake yin ta. Haruffa su juya masa baya, kalma ta rasa wutsiya, layi ya hau kan layi. A zamaninmu kuskure biyar a dikte, inda malami ke faɗa yara na rubutawa, sifili ne, sifilin kuma yana kayar da yaro ko da ya cinye sauran jarrabawa. Laminu bai taɓa sauka ƙasa da kuskure ashirin ba.

Na ce iskanci ne. Wanda ya riƙe darasi sukutum a ka, ta yaya kalma ɗaya za ta gagare shi in ba ya ga dama ba? Na doke shi fiye da ƴaƴan mutane, don kada a ce ina son kai.

Akwai abin da mu malamai muke yi wanda ba mu faɗi a fili. In lokacin aika sunayen masu jarrabawa ya zo, sai mu tace, mu cire waɗanda muke ganin za su faɗi, don sakamakon lakwal ya yi kyau a idon sufeto. Ni sabon malami ne, yabo nake nema ruwa a jallo. Na zauna da takardar, na zo kan sunan ɗan'uwana, na ja masa jan bik. Ban shawarci kowa ba. Da ya ji, abin da ya ce kawai shi ne, "Yaya, a tambaye ni da baki mana." Na ce masa ba a jarrabawa da baki, ya tashi ya ba ni wuri.

Ya koma Tasawa ya shiga wajen masu ƙera amalanke, daga nan ya faɗa gyaran injuna. In injin niƙa ya tsaya a Gidan Amumune, shi ake ɗaukowa a kan kabu-kabu, ya kanga kunne a jikin ƙarfe ya faɗi abin da ya ci. Amma har ya koma ga Allah, in aka miƙo masa takarda sai ya shafa aljihu ya ce ya manta tabarau, alhali bai taɓa mallakar tabarau ba. Ƙaryar nan tana ci mani rai har yau, domin ni na tilasta masa ita.

Bai taɓa tada maganar jan bik ba, ni ma girman kai ya hana ni. Shekara talatin da ɗoriya muna sa hannu a kwano ɗaya, maganar na zaune tsakaninmu. Ciwon kwana huɗu ya yi.

Sai bara wata tsohuwar ɗalibata da ke horar da malamai a Maradi ta zo gaishe ni, hira ta kai mu can. Ta ce akwai yaran da kaifin basira da wahalar karatu ke zaune a kai ɗaya. Wani basirarsa ta rufe wahalar, a ce ganganci yake. Wani wahalar ta rufe basirar, a ce daƙiƙi ne. Da Faransanci disleksi ake ce wa wahalar haruffan, kuma ba lalaci ba ne, ba aljanu ba ne. Irinsu, in ji ta, a karanta masu tambaya, a ƙara masu lokaci, a ji amsarsu da baki. Da baki! Na ce mata shayi ne ya ƙona ni, shi ya sa idona ya kawo ruwa.

Da Laminu na nan ya ji wannan, na san dariya zai yi har ya riƙe ciki, ya ce ashe Mushe ne ya faɗi jarrabawa. Da kuma ya ga wayoyin yanzu da ake dannawa a yi magana a aika ba sai an rubuta ba, da babu mai jin kunnensa a garin nan. Ina kewar surutunsa, wallahi.

Ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Autarsa Nafisa, wadda ya bari a goye, tana hannuna, kuma ita ce shi sak, har kaɗa ƙafar. Ta riga ta maimaita aji, bana kuma an aiko cewa in ta sake faɗuwa za a sallame ta. Uwarta Hajara ta zo ta durƙusa ta ce, "Malam, a bar ta ta huta haka nan. Ubanta ma bai gama lakwal ba, kuma bai roƙi kowa ba." Ban ga laifinta ba, domin kullum yarinyar da kuka take dawowa.

Na sa babbar riga na tafi lakwal ɗin. Malamin sa'an ɗana ne, yara sun cika masa aji har bakin ƙofa. Ban yi masa faɗa ba, da wane bakin? Na ba shi labarin nan kamar yadda na ba ku, na roƙe shi ya tambaye ta a gabana. Ya karanta mata lissafin aji na gaba, ta amsa kafin ya rufe littafi. Daga baya ya ce a cikin aji zai riƙa jin ta da baki, amma jarrabawar ƙarshen shekara a rubuce take, ba shi ya kafa ta ba. Wata huɗu suka rage mana, kuma ban sani ba ko za mu kai labari. In Nafisa ta taso daga lakwal muna zaure, ina zana mata manyan haruffa a ƙasa tana bi da yatsa, ni da ban taɓa yi wa yaro haƙuri ba.

Amalanken da Laminu ya ƙera suna nan suna kwasar gero daga gonaki, amma wata rana za su ruɓe. Abin da ya rage nasa da gaske kaifin kan nan ne, a jikin yarinyar da ba ta san fuskarsa ba. Allah ya jiƙansa, ya yafe mani.

Shekaranjiya ta ɗaga yatsa daga ƙasa ta ce, "Baba, ƴan ajinmu sun ce gado na yi, wai babana ma cire shi aka yi don ba ya ganewa. Wane malami ne ya cire shi?"

Na ce mata ni ne, kuma ya fi ni ganewa nesa ba kusa ba. Ta dube ni har na sunkuyar da kai. Sannan ta share ƙasar da tafin hannu, ta ce in sake rubuta mata harafin.