Igiyar Takalmin Sagimbek Bayke

"Bayke, igiyar ce kuma?"

"Ita ce, 'yata. Yi mini haƙuri, kada ki tafi ki bar tsoho."

Ya durƙusa a kan hanya, ya zare igiyar takalminsa gaba ɗaya, ya shiga mayar da ita rami-rami kamar ba shi da wani aiki a duniya. Ni kuwa ina tsaye a kansa ina haki, zuciyata na dukan haƙarƙarina, ina jin haushinsa, a ɓoye kuma ina gode wa Allah da ya tsayar da mu. Karo na huɗu ke nan a wannan safiya. Sauran mutane sun daɗe da ɓacewa cikin itatuwa. Yau shekara huɗu da wannan rana, ranar da na fara hawan tudun da ke bayan garinmu Karakol, ranar kuma da na san Sagimbek bayke. Bayke shi ne kiran girmamawa da muke yi wa namijin da ya girme mu.

Duk wanda ya taɓa kai takalmi gyara a kasuwarmu ya san rumfarsa, ta ƙarshen layi, mai warin gam da fata. Ba a buɗe ta sai ƙarfe tara. Kafin nan yana bakin gada tun gari bai gama wayewa ba, da sandarsa da fulas ɗin shayi, aljihunsa cike da kurut, wannan busasshen cukwi mai gishiri da ke dawo wa mutum da yawu. Jiran masu atisaye yake. Kowane watan Agusta ƙungiyarmu ta masu hawan dutse takan hau dutsen Boz-Coku domin a sayo wa yaran ƙauyukan bakin tafki kekunan guragu: 'yan kasuwa da dangi su yi alkawarin kuɗi, mu kuma mu hau. Wata huɗu ake yi ana shiri. Masu ƙarfi su yi gaba da Temirlan, jagoranmu, wanda ba ya waiwaye. Bayke kuwa ya jira kowa ya wuce, ya ƙirga kawuna, ya saɓa jakar igiya da magunguna, sannan ya bi sahu. Shi ne mai rufe baya. Shekara ashirin da bakwai yana yi.

Dokar hawanmu biyu ce. Ba a barin kowa shi kaɗai, kuma ƙarfe ɗaya na rana kowa ya juya, ko taku goma ya rage masa, saboda hadarin da ke tasowa bayan azahar. Wanda ya fi kowa jinkiri yana hannun mai rufe baya, in ya gaza su sauko tare. Ba a kuwa taɓa shekarar da aka rasa mai gazawa ba. Shi ya sa in ka shiga ofishin ƙungiya ka dubi hotunan da ke bango, ashirin da bakwai cif, mutane a ƙololuwa riƙe da tuta, hanci ya yi ja, haƙora a waje, ba za ka ga fuskarsa a ko ɗaya ba.

Kasuwa ba ta ƙyale shi ba. Mahauta sukan ɗaga masa murya su tambaye shi ko bana ma dutsen ya ƙara tsawo ne. Mai sayar da tuffa na kusa da shi yakan ce a duk ƙasar nan ba a taɓa mai gyaran takalmin da bai iya ɗaure nasa ba sai shi. Shi dai ya yi dariya, ƙusa a baki, ya ci gaba da bugu.

Ni ba don yaran na shiga ƙungiyar ba, gara in faɗi gaskiya. Bayan rasuwar mahaifina na yi shekara biyu daga gida sai ɗakin karatun da nake aiki, daga can sai gado. Na karanta duk abin da hannuna ya kai gare shi, na ci duk abin da aka ajiye a gabana, har hawa benen gidanmu ya zama mini tafiya. Likita ta auna ni ta girgiza kai, ta ce jinina na 'yar shekara ashirin da biyu ya fi na mahaifiyata hawa. Mahaifiyata ce ta rubuta sunana ba da sanina ba, ta tura ni bakin gada da takalmin babana da ya yi mini yawa. Bayke ya dubi takalmin ya ce ya san shi, shi ya sake masa dunduniya sau biyu. Ya cusa masa ulu a baki, ya ce mu je.

Wata huɗu muna tafe mu biyu a ƙarshen layi. In ba igiya ba, gwiwa ce. In ba gwiwa ba, ya ga wata ciyawa da kakarsa ke dafa wa masu tari, sai mun tsaya na gan ta. Yakan ce in ƙirga masa taku hamsin da ƙarfi, wai shi ƙwaƙwalwarsa ta tsufa, in mun kai sai mu huta. Daga baya ya koma tamanin. Ban san ranar da ta zama ɗari biyu ba.

Ranar hawan farko mun kai wani ɗan tafki da ke ƙarƙashin ƙanƙara da ƙarfe goma sha biyu da rabi. Kaina kamar ana sara shi, ina amai a bayan dutse ina cewa zan iya. Sai bayke ya zauna, ya dafe gwiwa, ya ce yau kam ta ƙi, in taimaka in raka shi ƙasa. Na zauna na yi kukan da ban yi ba ko ranar jana'iza. Bai ce in yi shiru ba. Ya zuba mini shayi a murfin fulas, ya sa mini kurut a tafin hannu, da na lafa ya ce, "Kada ki damu. Ni ma ban taɓa ganin saman ba."

Ga abin da har yau nake jin kunyarsa. Da na koma gida na gaya wa mahaifiyata da duk wanda ya tambaya cewa saura ƙiris in kai, tsohon ne ya riƙe ni. Na kuma yarda da hakan har cikin raina. Wannan yarda ce ta fito da ni bakin gada ranar da aka koma atisaye. Shekarar da ta biyo na taka ƙololuwa a jerin farko, da ƙafafun da ban san ina da su ba, na ga tafkinmu shimfiɗe a ƙasa shuɗi kamar an wanke shi. Da muke saukowa na wuce bayke a durƙushe yana fama da igiya, wani ƙaton ɗan banki tsaye a kansa yana haki. Na ɗaga masa hannu kawai. Sau uku na hau, bana kuma aka zaɓe ni in riƙe tuta.

A farkon bazarar nan Temirlan ya sanar da cewa gwiwar bayke ta lalace, likita ya hana shi ɗaukar kaya. In an sami wanda zai karɓi jakar ya rufe baya, zai iya hawa a hankali kamar kowa, karo ɗaya na ban kwana. In ba a samu ba, sunansa ba zai shiga jeri ba, mai rufe baya kuma sai a ɗauko na haya daga wani gari, ɗan haya kuwa ba ya amsa tsoho mai ciwon gwiwa. Mako uku ba wanda ya ɗaga hannu. Wa zai sha wahalar wata huɗu don ya juya a tafki? Ni ma tutata nake tunani. Sai aka yanke a yi masa shayin sallama a gidan Burul eje (eje muke ce wa macen da ta girme mu), tsohuwar malamarmu ta lissafi, wadda ta fara hawa tana da shekara hamsin da takwas.

Ranar shayin bayke ya makara, wani ya kawo masa takalmi a kan lokacin tashi. Matarsa Kalica eje ta riga shi zuwa, ta zauna kusa da tukunyar shayi tana miƙa kofuna. Muna jiran sa muna cin borsok, ɗan soyayyen fulawar nan tamu, da zuma sai Kubat, direban bas, ya fara labari. Ya ce shekarar da ya bar giya ya shiga ƙungiya don ya sami abin yi da safe, kuma ba zai manta ba yadda ya yi ta haƙuri da tsohon nan, igiya ta kwance sau bakwai a hawa ɗaya, a ƙarshe gwiwa ta ƙi a tafki, shi ya sauko da shi a kafaɗa. Burul eje ta ajiye kofinta. Ta ce a'a, ita ce ta sauko da shi daga tafki, kuma ita ya sa ta ƙirga masa taku, har tana yi masa faɗa cewa babba da shi bai iya hamsin ba.

Kalica eje ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, sai ta fashe da dariya har tana share ido da bakin ɗankwali. Ta ce shekara arba'in da ɗaya tana aure da mutumin nan, ba ta taɓa ganin igiyarsa ta kwance ba. Ɗaurin da yake yi in ya dawo gida sai ya sa basilla yake kwance shi. Gwiwar kuwa sai bara ta fara ciwo. Ta ce kwana uku kafin kowane hawa, wa muke tsammani yake kafa igiyar da muke kamawa a kan ƙanƙarar ƙarshe? Temirlan ya sunkuyar da kai, shi kaɗai ya sani, an kuma roƙe shi kada ya faɗa. Bayke kan fita shi kaɗai, ya haye cikin awa biyar abin da muke yi a takwas, ya kafa igiyar har inda ta ƙare, taku arba'in ƙasa da ƙololuwa, ya juyo.

Kubat ya tambaye ta, murya ƙasa-ƙasa, me ya hana shi ƙarasawa.

"Ni ma na tambaya har na gaji," in ji ta. "Wai in ya leƙa, da wane baki zai ce wa mai kuka shi ma bai taɓa gani ba? Igiyar takalmi da gwiwa ya yarda ya yi ƙarya a kansu. Wannan ɗaya ya ce sai ta zama gaskiya."

Na karanta labaran jarumai da yawa, bayke, masu tsallaka teku da masu kafa tuta inda ƙafa ba ta taɓa zuwa ba, na kuma so su kamar na san su. Ban taɓa gamuwa a cikinsu da wanda jarumtarsa durƙuso ce ba. Kai ne ka ga mutum ya kai ƙarshen ƙarfinsa, ka san in aka ce masa ya gaza ba zai sake dawowa ba, sai ka ɗauki gazawar ka rataya a wuyanka ka bi ta kasuwa da ita ana yi maka dariya. Kai ne ka bar ni shekara huɗu ina faɗa wa mutane ka riƙe ni, ka ji da kunnenka, washegari ka sake wa takalmin babana dunduniya karo na uku ba ka ce uffan ba. Na baya mai tura na gaba. Yaran da ke yawo da kekunansu a ƙauyukan bakin tafki sunayen masu tuta suka sani, ba su san rabin masu tutar nan a hannunka suka koyi numfashi ba. Kubat yau shekara tara bai sha ba. Ni ina hawa benen gidanmu da gudu. Mun gode, bayke, godiyar da ta makara kamar yadda muke makara a dutse. Ku kuma da ke karanta wannan, a wurin aikinku ko a gidanku akwai wanda ke haki a ƙarshen layi yana jin kunya. Kada ku tsaya a kansa kuna ba shi ƙwarin gwiwa da babbar murya. Ku nemi igiyar da za ku durƙusa ku ɗaure.

Bayke ya iso gidan Burul eje bayan la'asar yana dogara sanda, ɗingishin gaske wannan karon. Da ya tsaya a ƙofa zai cire takalmi, mu duka ƙafarsa muke kallo. Ya ciro basilla daga aljihu, ya ga idanu a kansa, ya dubi matarsa, ya ce ashe bakin tsohuwar nan ne ya fara kwancewa. Ba wanda ya iya dariya sai ita. Ya zauna a wurin da aka tanadar masa, ya karɓi kofi da hannu biyu, ya kurɓa. Bai tambayi komai game da kansa ba. Ya ce wa Temirlan a gaya wa ɗan hayar nan akwai wata yarinya sabuwa mai ciwon asma, kada ya riƙa ce mata ta yi sauri.

Na ji na miƙe tsaye ban shirya ba. Ya ɗaga kai ya dube ni, ya gane kafin in yi magana.

"Zauna, 'yata. Ke ce da tuta bana. Gwiwar nan kuma ba wasa take ba, wataƙila a tafki za mu juya."

"Na san hanyar tafki, bayke." Na juya wajen jagora. "Temirlan, ba wani tutar. Rubuta sunan Sagimbek bayke a cikin masu hawa, ka kawo jakar. Daga bana ni ke rufe baya."