Malam Nata'ala da Zauren Masu Iri

A ƙauyensu can bayan Mabai, Malam Nata'ala ba liman ba ne, ba mai unguwa ba, amma idan damina ta ƙarato ƙofarsa ake zuwa. Shi ke ajiye irin dawa. Tun daga mahaifinsa ya gaji wata kaura mai gajeren wuya, wadda ba ta damu da ƙarancin ruwa ba. Kowace kaka yakan zaga gona da wuƙa, ya zaɓi zangarniyar da ta fi cika, ya rataye a madafa hayaƙi ya kore mata ƙwari.

Shekarar da mutanen daji suka matsa, ƙauyen ya watse. Ya shigo Ƙanƙara da matarsa Hajaratu da ɗan ƙunshin zangarniya, suka kama ɗaki ɗaya a gidan haya. Mutumin da ya saba rana ta fito masa a kan kunya, sai ga shi a bakin masallaci yana kallon masu wucewa.

Wani tsohon malamin gona na Faskari, Malam Abdulƙarim, shi ya sa shi a zauren Wasaf na tsofaffin manoma. Babu mai rubutu a cikinsu, murya ake aikawa. Bayan sallar asuba za ka ji su bi da bi, wannan yana tari, wancan zakara na cara a bayansa, ana gardamar ko tokar kara tana kashe ƙuduji, ciyawar nan mai hana dawa girma. A nan ya ci karo da Malam Gide na Damari, wanda bai yarda ya bar gonarsa ba.

Da faɗa suka fara. Malam Gide ya ce kaura abincin jaki ce, farafara ita ce dawa.

"Wanda bai ci tuwon kirki ba ai ba a yi mashi gardama," in ji Malam Nata'ala.

"To sannu, mai iri babu gona. A kan tabarma za ka shuka ta?"

Hajaratu ta ce rabon da ta ji dariyar mijinta tun suna ƙauye. Kafin damina ya raba ƙunshinsa biyu, ya ba wani direban Sabuwa ya kai Damari. Malam Gide ya shuka a gefen gonarsa, yana ta mita wai ya ɓata kunya huɗu saboda kunyar baƙo. Kullum sai ya ba da labarinta: ta tsiro, ta kai gwiwa, ta yi ciki. Su biyun ba su taɓa ganin juna ba, kuma babu wanda ya sa hotonsa. Sun yi alkawarin ranar yanka Malam Nata'ala zai je, in hanya ta yi kyau.

Zauren yana da doka guda, wadda wahala ta koya musu. Idan aka ɗauke mutum, wayarsa tana hannun waɗanda suka ɗauke shi. Don haka nan take ake cire lambarsa, ba a kira, ba a aika masa komai, don kada su ga yana da jama'a su ƙara masa nauyi, kada kuma su bi lambobi su san gidan kowa. Addu'a sai a zuci.

Dawa ta fara ja Malam Gide ya yi shiru. Ranar Laraba Malam Abdulƙarim ya yi magana a taƙaice: an tare manoma a wajen Damari, kowa ya san abin da aka saba. Ya cire lambar Malam Gide.

Malam Nata'ala ya san dokar, da shi aka yi ta. Amma shi mutum ne da tun tasowarsa bai taɓa kwana bai gaida maƙwabci ba, balle wanda ke cikin wahala. Ya daure Alhamis, ya daure Juma'a. Ranar Asabar da ya dawo masallaci ya zauna a bakin ƙofa, ya danna lambar Malam Gide a waya, ya ce, "Malam Gide, an tashi lafiya? Ya ƙarfin hali? Allah ya kawo sauƙi." Bai ƙara komai ba.

Kafin hantsi waya ta yi ƙara. Muryar wani ce, ba ta Damari ba.

"Baba, kai ne wan tsohon nan?"

Da ya ce bai san shi ba, da an wuce wurin. Bakinsa ya ƙi. Yaya zai yi musun mutumin da irinsa ke gonarsa?

"Ni ne," ya ce.

"To madalla. Shi ya ce mana ba ya da kowa."

Suka faɗi abin da suke so. Ko an sayar da gidan hayar da duk abin da ke cikinsa ba zai kai ba. Ya roƙi a ba shi ya ji muryarsa, aka kashe wayar.

Bai ɓoye wa zauren ba. Daga baya Malam Abdulƙarim ya kira shi shi kaɗai.

"Malam, ba don ƙi ba. Amma yanzu lambarka tana wurinsu, mu kuma da iyali a ƙauyuka. Ka yi mana afuwa."

"Babu komi, Malam. Gaskiyarku ce."

Da yamma ya duba, zauren ya rufe masa. Masu kiran suka yi ta kira har suka gaji, ko kuwa wani abu ya sa ba su da sauran buƙata. Bai sani ba, kuma babu wanda zai tambaya. Asuba ta koma kamar da: salla, sai tabarma. Hajaratu takan ajiye masa koko ya huce a inda yake.

Sai bayan an gama kaka ya haɗu da direban nan a tasha. Ya gaishe shi, ya tambayi hanya, ya tambayi mota, sannan a hankali ya tambayi Damari.

"Ashe ba ka ji ba, Baba? Ai har an yi sadakar arba'in. Iyalin sun koma Funtua."

Malam Nata'ala ya yi salati ƙasa-ƙasa. Ya daɗe yana duban tayar motar. Yana so ya tambayi ko kiran nan ne ya jawo, amma wannan ba tambayar da direba zai amsa ba ce.

"Kai da ka kai mashi saƙo," ya ce, "dogo ne ko gajere?"

Direban ya sosa ƙeya. "Wallahi Baba, a wurin mai shayi na bari. Ban gan shi ba."

Fasinja suka cika, mota ta tashi. Malam Nata'ala ya tsaya har la'asar ta kusa, sannan ya kama hanyar masallaci.