Kwana Ukun da Malam Halilu Ya Yi Hankali

Kafin waya ta shigo hannunsa, Malam Halilu Mubashir mutum ne kamar kowa. Ya yi shekara talatin da ɗoriya yana koyarwa a firamare, daga Sakajiki zuwa Kasuwar Daji, ya kai hedimasta, sannan ya yi ritaya ya dawo gidan ubansa a Kaura Namoda. Ritaya ba ta dame shi da komai ba sai rashin ajin da zai yi tsit ya saurare shi. 'Yarsa Rumaisa'u, ma'aikaciyar lafiya a Zurmi, ita ce ta ga yana ramewa ta saya masa waya, kuma har yau tana neman gafarar Allah a kan haka.

Cikin wata guda ya buɗe zaure a Wasap, ya raɗa masa suna Zamfara ta Arewa Mu Farka, ya naɗa kansa admin. Ya tara malamai da ma'aikatan ƙaramar hukuma da manoman da ke da 'yar boko, kusan mutum ɗari biyu. Dokarsa ta farko ita ce hana gaisuwa. Babu ina kwana, babu yaya iyali, babu hoton masallaci ranar Juma'a, domin a cewarsa gaisuwa ce ta cinye mana data ta kuma hana mu ci gaba. Wanda ya manta ya gaida jama'a, gargaɗi biyu ne sai kora.

Babu fagen da Malam bai iya ba. In aka ce amai da gudawa sun ɓulla a wani ƙauye, kafin likita ya ɗaura takalmi shi ya gano dalili. Ya taɓa yin mako guda suna kai ruwa rana da Tijjani, wani mai kemis a Shinkafi, a kan ko rijiya ce ke kawo cutar ko mangwaro, har Tijjani ya gaji ya ce ya yarda da duka biyun. Yaƙin ƙasashen da bai taɓa gani ba sai a yagaggiyar taswirar ofishinsa, yakan raba shi tsakanin azahar da la'asar. Amma inda ya fi ji da kansa shi ne tsaron waya da kwamfuta. Kwamfutar da ya taɓa kusanta guda ɗaya ce, wadda aka kai makarantarsa ta tsufa cikin kwali saboda babu wuta. Duk da haka kullum sai ya yi wa zaure huɗuba a kan masu kutse, yana cewa sakarai kaɗai ake sace wa lamba. Ya maimaita kalmar sakarai har ta zama kamar sa hannunsa.

A gida kuwa, matarsa Kulsumu tun farkon damina gwiwarta ta kumbura, sai ta dafa bango take kaiwa madafi. Malam yana zaune a tabarma tana wucewa ta gabansa lokacin da ya rubuta doguwar maƙalarsa a kan yadda hukuma ta yi watsi da lafiyar mata.

Wata Talata bayan la'asar yana kan dakalin ƙofar gida, sai baƙuwar lamba ta kira. Mai kiran ya iya bakinsa. Ya gaida Malam gaisuwar da ya haramta wa kowa, ya tambayi gajiya da iyali da ruwa, Malam yana amsawa yana lumshe ido. Sannan ya ce wata ƙungiya za ta yi taro ta intanet a kan tsaron waya, an duba jihar kaf ba a sami wanda ya cancanci babban baƙo mai jawabi ba sai shi. Lambobi shida za su shigo masa yanzu, su ne lambar kujerarsa. Malam ya gyara zaman hula ya karanto su dalla-dalla, har sau biyu, kamar yana ba 'yan aji uku shifta.

Kafin a kira magariba Wasap ɗinsa ya koma hannun wani.

Ya gane abin da ya faru nan take. Magani ɗaya ne, ya fito ya shaida wa jama'a cewa duk wanda ke rubutu da sunansa ba shi ba ne. To amma faɗin haka daidai yake da ya tsaya gaban mutum ɗari biyu ya kira kansa da sunan nan da yake kiran wasu. Sai ya ja bakinsa ya yi shiru, yana fatan abin ya warware da kansa.

Ɓarawon bai yi gaggawa ba. Washegari ya buɗe zaure da sallama, ya tambayi mutanen Badarawa yadda gero ya yi, ya yi wa matafiya hanyar Zurmi addu'ar sauka lafiya. Ya ma nemi afuwar Tijjani a kan maganar mangwaro. Malam bai ga ko ɗaya ba, a bakin mutane ya ji. A masallaci aka riƙa riƙe hannunsa ana sa masa albarka. Liman ya ce girma ya zo. Tijjani ya bugo tun daga Shinkafi, ya ce bai taɓa sanin Malam na da tausayi haka ba. Shi kuwa Malam ya amshi yabon nan duka, yana cewa ai duniya ce, dole mutum ya sassauta. Abin ya ci masa rai ƙwarai, amma daɗin yabon bai bar shi ya tofar ba.

A rana ta uku ɓarawon ya fara bin mutane ɗaya-ɗaya yana cewa an kwantar da iyalinsa a asibiti, a taimaka. Da yake yanzu ana ƙaunar Malam, hannaye sun fara shiga aljihu. Abin da ya tsayar da su saƙon murya ne da Rumaisa'u ta watsa, cewa an sace lambar mahaifinta, kada kowa ya kula. Da la'asar dole Malam ya miƙe a masallaci ya tabbatar da bakinsa. Babu wanda ya yi dariya, kuma da an yi da ya fi masa sauƙi. Wani dattijo dai ya tambaya ko akwai hanyar da za a bar wa wancan ɗin admin.

Ya shigo gida a fusace, ya ishe Kulsumu zaune a kujerar tsakar gida ta miƙe ƙafa tana tsince shinkafa. Ya tambaye ta wa ya gaya wa Rumaisa'u, tun da shi bai faɗa wa kowa ba. Ta ce ita ce, kuma tun ranar Laraba ta sani, ta jira ne ta ga ko zai yi magana.

"Ke da ko sabunta waya ba ki iya ba," in ji shi, "ƙaƙa kinka gane abin da ya shige wa mutum ɗari biyu duhu?"

Ta ciro wayarta daga bakin zane, ta lalubo saƙon ta miƙa masa. Layi ɗaya ne, da sunansa da hotonsa a sama: Hajiya, an tashi lafiya? Yaya ƙarfin jiki?

"Ina gani nac ce wanga ba Malam na ba," ta ce. "Wata biyar ke nan ina jan ƙahwar ga gabanka."

Ta karɓi wayarta, ta dafa bango ta miƙe, ta ɗauki tiren shinkafar ta nufi madafi a hankali.